Filin Kiyaye Haɗurra: Kwana Tun Daga Nesa Ake Shanta

Duk wanda ya tsaya da hantsi a gefen shataletalen Gidan Mai da ke kan hanyar Jos a cikin garin Bauchi, ya zuba wa masu babura ido na ɗan lokaci, ba sai an nuna masa gwani da ɗan koyo ba. Gwani yakan rage gudu tun yana nesa, ya ɗaga kai ya dubi inda zai fita, babur ya ɗan kwanta ya zaga da shi cikin natsuwa. Ɗan koyo kuwa sai ya taho da gudunsa har bakin kwana, sa'an nan ya tuna akwai birki. Nan da nan sai a ga ya sandare hannuwa, ya sauke ƙafa yana jan takalmi a kwalta, idonsa ƙur a kan tayar gaba. In Allah ya kiyaye ya wuce, sai ya ɗauka ya iya. In kuwa aka yi rashin sa'a akwai yashi a wurin, sai dai jama'a su ruga su ɗaga shi.

Bambancin mutanen nan biyu ba na ƙarfin hali ba ne, ba kuma na tsadar babur ba. Ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba, watau ita kwana tun daga nesa ake shanta. Kafin tayar gaba ta fara karkata, an riga an gama maganar ko mutum zai fita lafiya ko ba zai fita ba. A kan wannan batu ne filin na wannan mako zai tsaya.

YADDA AKE KOYO

Babur ya fara yawaita a hannun ƙananan ma'aikata ne tun daga 1975, sa'ad da aka biya ƙarin albashin nan na Udoji, mutane suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, garin ya zama hedkwata, ma'aikata suka ƙaru, unguwanni suka yi ta miƙewa bayan ganuwa. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin da Boxer ta ƙasar Indiya suka cika tituna, babur ya zama jakin zamani. Da shi ake zuwa ofis, da shi ake zuwa gona, da shi ake kai yara makaranta, da shi kuma samari da yawa suke neman abinci ta hanyar acaɓa.

Amma fa hanyar koyo ba ta sake ba. Wa, ko kawu, ko aboki shi yakan ɗauki yaro ya kai shi fili da la'asar, ya nuna masa kuloci da giya da totur da birki. Da zarar ya iya tashi babur bai mutu ba, ya yi kai da kawo sau biyu sau uku, sai a ce ya iya. Kashegari sai ga shi a Titin Ahmadu Bello tsakanin motoci. Tafiya miƙe kowa ya koya masa, amma shan kwana ba wanda ya ce masa uffan, domin shi ma malamin da faɗuwa ya koya. Sau da yawa kuwa babur ɗin na bashi ne, ko na maigida wanda yake jiran balas kowace yamma. Faɗuwa ɗaya a kwana tana iya haɗa wa gida guda kuɗin gyara, da kuɗin mai ɗori ko na asibiti, da watanni na zaman jinya ba a shigo da ko kwabo ba.

Wannan matsala ba ta Bauchi kaɗai ba ce. A 1981 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya shugabanta. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin haɗurran babura 900 a yankin birnin Los Anjalis. Suka tarar kimanin kashi 1 cikin 4 na haɗurran, babur ne shi kaɗai ba tare da ya yi karo da wata mota ba. A cikin waɗannan kuma, kimanin kashi 2 cikin 3 kuskuren mahayi ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne taka birki fiye da kima har babur ya zame, ko kuwa shiga kwana da gudu har babur ya kauce daga hanya. Daɗin daɗawa, kashi 92 cikin 100 na mahayan da abin ya shafa, da kansu suka koya ko kuwa wurin 'yan'uwa da abokai. Wanda ya ji wannan zai ce da samarin Jahun da na Nassarawo ake.

ALJIHU ƊAYA

Kafin a zo ga dabara, ya kamata a san dalili. Duk girman babur da nauyin mahayi da fasinja, abin da ke taɓa ƙasa wuri biyu ne kacal, kowanne bai wuce faɗin akwatin ashana da yawa ba. Riƙon da waɗannan wurare biyu suke yi wa kwalta shi ne jarin mai babur gaba ɗaya, kuma yana da iyaka. Kamar kuɗin cefane ne a aljihu ɗaya: birki daga nan yake ci, totur daga nan yake ci, ita ma kwana daga nan take ci. In kwana ta cinye mafi yawan abin da ke aljihun, sa'an nan mahayi ya damƙi birki, to, ya nemi abin da babu, sai taya ta saki. Wannan shi ne asalin zamewar da ake yawan ɗora wa tsautsayi.

Abu na biyu, ita kwana ba ta sayar da gudu da araha. In mutum ya ninka gudunsa sau biyu, riƙon da kwana za ta nema wurin taya ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. A ɗauki misalin shataletale wanda daga tsakiyarsa zuwa inda babur yake bi mita 15 ne. Mai tafiya da gudun kilomita 20 a sa'a zai karkata kimanin digiri 12 ne kawai daga tsaye. Mai kilomita 30 zai karkata kimanin digiri 25. Mai kilomita 40 kuwa sai ya kwanta kusan digiri 40, wanda ko a kan busasshiyar kwalta mai kyau ya kusa iyakar abin da tayar ƙaramin babur za ta iya riƙewa. Alhali kuwa a kan miƙaƙƙiyar hanya, tsakanin 20 da 40 ba wanda zai ce an yi gudu. Har wa yau, mai gudun kilomita 40 yana cin kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa, watau kafin ya gama mamakin abin da ya gani, ya riga ya isa wurin.

MATAKAI HUƊU

Mataki na farko shi ne rage gudu tun babur yana tsaye sosai bai fara karkata ba. A nan ne aljihu yake cike, ana iya kashe shi duka a kan birki. Sai a saki totur, a yi amfani da birkin gaba da na baya tare, a matsa su sannu a hankali, ba fizga ba. Akwai wata magana da ta bazu tsakanin 'yan koyo, wai birkin gaba kayar da mutum yake yi, saboda haka ba sa taɓa shi. Gaskiyar magana ita ce, sa'ad da aka taka birki nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayar da babur a tayar gaba yake. Abin da ke kayarwa shi ne damƙarsa gaba ɗaya, musamman a cikin kwana ko a kan yashi. Sa'an nan a sauko da giya zuwa wadda ta dace, a saki kuloci, a gama duk wannan kafin a kai bakin kwana. Ma'aunin gudu kuwa ɗaya ne: mutum ya iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonsa yake gani. Kada kuma a manta da duba madubi da ba da sigina tun da wuri.

Mataki na biyu shi ne duba. Inda ido ya kafe, nan babur yake zuwa. Wanda ya ƙura wa rami ido cikin ramin zai faɗa, wanda ya ƙura wa bakin kwata ido ita zai daka. Saboda haka tilas ne mahayi ya juya kansa gaba ɗaya, ba ƙwayar ido kaɗai ba, ya nufi haɓarsa wajen mafitar kwana. In ya hangi rami, sai ya dubi gefen da ke da kyau, babur zai bi.

Mataki na uku shi ne kwantar da babur, kuma a nan ne abin mamaki yake. In ana tafiya da saurin mai tafiya a ƙasa, juya kan babur ake yi wajen da ake so. Amma da zarar gudu ya kai kamar kilomita 20, abin yakan sake. Wanda yake so ya bi hagu, hannunsa na hagu zai ɗan tura gaba, sai babur ya kwanta hagu ya sha kwana. Wanda yake so ya bi dama, ya tura na dama. Kowa ya tuna da yara masu tsayar da kara a tafin hannu: in suna so karan ya karkata hagu, dama suke jan hannun. Haka tayar gaba take yi, ta ɗan kauce daga ƙarƙashin babur, shi kuwa ya karkata ɗaya gefen. Duk mai keke da mai babur yana yin haka ba tare da ya sani ba, amma wanda ya san yana yi shi ne zai iya ƙarawa da gangan ranar da ta ɓaci. A sassauta damtse, a matse tanki da gwiwoyi, jiki ya bi babur, ƙafafu kuma su zauna a mazauninsu.

Mataki na huɗu shi ne riƙe totur daidai. Da babur ya kwanta, sai a ba shi ɗan totur kaɗan wanda zai riƙe gudunsa, kada a yanke shi farat ɗaya, kada a murɗa shi da ƙarfi, kada kuma a riƙe kuloci a bar babur yana gangarawa sakaka. Sa'ad da mafita ta bayyana, babur ya fara miƙewa, sai a ƙara sannu sannu.

Game da inda za a bi kuwa, tun ran 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. A kwanar hagu, kada a matsa kusa da tsakiyar titi, domin ko taya tana cikin hannunta, kan mahayi ya riga ya leƙa hannun masu tahowa. A kwanar dama kuma, kada a yi saurin liƙewa a gefe, a ɗan jinkirta har a ga abin da ke bayan kwanar. Yanke kwana irin na 'yan tsere na filin tsere ne, inda ba tirela mai tahowa, ba akuya, ba yaro mai talla.

KWANONIN BAUCHI

Shataletale kwana uku ce a haɗe: a karkata dama a shiga, a karkata hagu a zaga, a sake karkata dama a fita. Doka ta ce mai shiga ya dakata wa wanda ya riga shi shiga, watau mai tahowa daga hagunsa. Wurare irin su Gidan Mai da Awala manyan motoci suna bi, kuma inda manyan motoci suke shan kwana ba a rasa ɗigon man gas da baƙin mai. In an ga baƙin tabo mai sheƙi a kwalta, a kauce masa, in kuwa ba hali, a miƙar da babur a wuce ba birki ba totur. Babban abin tsoro shi ne shiga tsakanin tirela da gefen titi sa'ad da take shan kwana. Tayoyinta na baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi, direba kuma ba ya ganin wanda ke wurin. A bar ta ta gama, jiran daƙiƙa 10 ba ya hana cin kasuwa.

Damina tana da nata. Ruwan farko yakan taso da man da ya daɗe yana taruwa a kwalta, titi ya yi santsi kamar an shafa masa kuɓewa. In ruwa ya kankama a watan Yuli da Agusta, kwatoci sukan cika su amayo yashi, in ruwan ya janye sai ya bar shi daidai bakin kwanoni da mahaɗar lunguna. Kwanar da mutum ya bi jiya lafiya, yau tana iya zama wata daba. Da hunturu kuma ga ƙura da hazo, musamman da asuba.

A cikin tsohon gari, daga Ƙofar Ran zuwa Ƙofar Wambai da unguwannin da ke kewaye da fada, katangu ne suke rufe ido. Bayan kowace katanga ana iya samun yara suna wasa, ko mai kurar ruwa, ko tsoho da sandarsa. Wajen kasuwar Wunti da ta Muda Lawal kuwa, keke napep yana iya tsayawa cak bayan kwana domin sauke fasinja. A irin waɗannan wurare giya ta biyu ta isa, a yi ham kafin a karya. Wanda ya fita bayan gari, ya kama hanyar Dass ko ta Jos, musamman gangaren duwatsun Panshanu a ƙasar Toro, ya san cewa gangare yana ƙara gudu ba da shawarar mahayi ba. A sauko da giya tun daga sama, a kuma sa rai da shanu a bayan kowace kwana.

IN AN RIGA AN SHIGA DA GUDU

Kowane mahayi wata rana zai sami kansa cikin kwanar da ta fi yadda ya zata matsewa. Abin da tsoro yake sa mutum ya yi, shi ne abin da ke kayar da shi: ya damƙi birkin gaba, ya dubi daji, ya sauke ƙafa. Damƙar birki ko dai ta zame taya, ko ta miƙar da babur ya nufi waje. Ƙafa kuwa ba ta iya tare nauyin babur mai gudu, sai dai ta karye. Abin yi shi ne a mai da ido kan mafita, a ƙara tura hannun da ke wajen kwanar, a bar babur ya ƙara kwanciya. A kan busasshiyar kwalta, yawanci babur yana da sauran kwanciya fiye da yadda ɗan koyo yake zato. In kuwa tsayawa ta zama dole kuma akwai wuri, a fara miƙar da babur tukuna, kana a matsa birki.

GOYO DA TAYA

Ɗan koyo ba shi da dalilin ɗaukar kowa sai hannunsa ya faɗa. Fasinja yana ƙara nauyi, yana ƙara nisan tsayawa, in kuma ya ji tsoro ya miƙe sa'ad da babur yake kwanciya, sai ya fitar da shi daga hanya. Ya kamata a gaya masa da ladabi tun kafin a tashi: "Baba, in na karkata a bi ni, kada a sauke ƙafa." Ko kuwa: "Hajiya, a tattara hijabi kada ya shiga taya." Babbar riga da mayafi ma haka. Buhun da aka ɗora a kan tanki har ya hana kai juyawa, shi ma neman magana ne. Taya kuma in ta suɗe, ko iska ta yi mata kaɗan, ko ta yi yawa, aljihun nan ya ragu tun daga gida. A sa mai faci ya auna da ma'auni bisa adadin da kamfanin babur ya rubuta, ba da babban yatsa ba.

HAƘƘIN MASU KOYARWA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ɗauki nauyin koya wa ƙanensa ko ɗan 'yar'uwarsa babur, kada ya sallame shi ranar da ya iya tashi. Ya nemi fili mai tauri marar jama'a, ya ajiye duwatsu biyu, yaro ya yi ta zaga su ta hagu da ta dama, kamar mai rubuta lamba 8 a ƙasa, har kansa ya saba juyawa, ƙafarsa ta daina neman ƙasa. Ya tsaya a mafita yana ce masa, "Ɗana, ni za ka duba, ba dutsen ba." In yaron ya ce, "Kawu, ai na iya," amsa ita ce, "Sake dai." Sa'an nan ya bi shi zuwa titi da sassafe kafin motoci su yi yawa.

Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya hau babur a kan titi, kuma tana neman lasisi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara matsa wa masu babura lamba kan hular kwano ran 1 ga Janairu, 2009. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular tana rage yiwuwar mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita ce za ta fara barin mai ita.

Ba shakka rai a hannun Allah yake, amma shi ya ba ɗan Adam ido da hankali. Iyayen da suke kallon 'ya'yansu suna kwantar da babura a rakiyar amarya ana yi musu tafi, su tuna ranar da aka faɗi masu tafin ba sa zaman jinya. Gwani ba shi ne wanda ya shiga kwana da gudu ba, gwani shi ne wanda ya shekara 30 a kan babur yana komawa gida wurin iyalinsa kowace magariba. Magabata sun ce sannu sannu kwana nesa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai yi bayani a kan tafiyar dare da gyaran fitilun babur. Allah ya kiyaye hanya, amin.